Mai Gaisuwa a Motar Kawu

Shin ya halatta mai gyara ya yi wa mai kaya ƙarya, in dai ƙaryar ce za ta tayar masa da mota? Na juya tambayar nan a raina har ta gaji da ni, ban samu amsa ba. Kawuna ne ya jawo min ita.

Gyaran wutar mota nake yi. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya min, fis na yi ta ƙonawa har na gane. Ranar nan da hantsi Kawu ya kira ni a waya.

"Sarkin Tunani, ajiye tunanin nan ka zo. Motata ta ƙi tashi."

Auta, 'yarsa, ta haihu, kuma ranar za a sallame ta daga asibiti. Kawu ya yi alkawari shi zai ɗauko jikarsa da motarsa. Uban mijin Auta kuwa, wanda Kawu ke kira Mai Doguwar Mota, ya aiko cewa in azahar ta yi bai ga Kawu ba, shi zai ɗauko su.

Na tarar da motar a rumfar ƙofar gida, tana ƙyalli. Ga bokiti, ga soso, ga ruwa kwance har kan tabarmin ƙafa, domin Kawu ya wanke ta ciki da waje. Inna, matarsa, tana zaune a benci da kwandon kayan jariri a cinya.

Ina buɗe ƙofar direba, sai wata murya mai kauri ta ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai!"

"Ba da kai yake ba," in ji Kawu.

Wani ɗan akwati ne ya saya wajen masu tallar kayan mota, aka liƙa masa a ƙarƙashin sitiyari. Tun da Kawu ya yi ritaya babu mai ce masa Yallaɓai sai akwatin nan.

"Shekara nawa ina roƙon matar nan ta faɗa ko sau ɗaya," ya ce. "In na shigo sai dai, 'Ka dawo?'"

"Bakina ba zai iya ba," in ji Inna. "Na san ka tun kana tura keke."

Na murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, amma injin ko tari bai yi ba. Batir lafiya. Fis lafiya. Na jona na'urar gwaji, ta yi ta sallama, babu mai amsawa.

Na yi wa Kawu bayani. Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta da yawa: ta inji, ta giya, ta birki, da wadda ke gane makulli. Dukkansu a kan wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu suke magana. In ta makulli ba ta shaida wa ta inji cewa mai motar ne ya zo ba, inji ba zai motsa ba. Guda ɗaya in ta lalace, takan cika layin da hayaniya, kowa ya kasa jin kowa. Maganin shi ne a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, har a ji inda shiru ya samu.

"Cire duk wadda ka ga dama," in ji Kawu. "Ban da mai gaisuwa."

"Kawu, shi ma a kan layin..."

"Kai! Mai ladabi irin wannan ne zai yi hayaniya? Ka taɓa shi, na tsine wa sukudirebanka."

Na cire ta birki, babu canji. Na mayar, na cire ta giya, haka nan. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na haska tocila. Ga shi nan ƙiri-ƙiri: wanda ya sa akwatin ya fere wayoyin nan biyu ya jona nasa a kai, ga kuma ruwan wanki yana ɗiga daga gindinsa.

Yatsuna suna kan soket ɗin da ya haɗa akwatin da wayoyin. Kawu ba ya ganina. In na zare, motar za ta tashi, in ce wani fis ne, in ce mai gaisuwa kuma kwanansa ne ya ƙare. Jika za ta zo gida a motar kakanta, babu wanda zai yi kuka. Amma mutum ya ba ni amanar abu ɗaya tak. To wanne ya fi nauyi, amanar ko alkawarin da ya yi wa 'yarsa? Kuma in ka yanke wa babba hukunci a ɓoye don amfaninsa, taimakonsa ka yi ko raina shi?

"Ya mutu ne a ciki?" in ji Inna.

"Tunani yake," in ji Kawu. "Ja ƙafarsa."

Na fito na faɗi gaskiya. Har yau ban sani ba ko riƙon amana ne ya sa ni, ko tsoron ranar da zai gano.

"Ƙarya kake masa," Kawu ya ce. "Yanzu ya yi gaisuwa, ko ba ka ji ba?"

"Bakinsa lafiya lau. Layin ne yake toshewa. Na ga ruwa a cikinsa."

"To busar da shi!"

"Sai an cire tukuna. Kuma ko ya bushe, ba zan mayar da shi kan wayoyin nan ba."

Kawu ya naɗe hannu a ƙirji. Sai wayar Inna ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce "To, to, madalla," ta kashe.

"Mai Doguwar Mota ne. Wai kada ka wahalar da kanka, ya riga ya sa takalmi. Wai amaryar taka ma za ta fi son mota mai sanyi."

"Amaryata? A motarsa?"

Kawu ya zagaya motar, ya dawo. Ya rufe ƙofar direba, ya gyara hula, ya sake buɗewa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai!"

"Yawwa, sannunmu dai," ya amsa a hankali. Sannan ya dube ni. "Matsa. Ba hannunka ba."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, na haska masa. Ya laluba, ya kama, ya zare. Na'urar gwaji ta fara jero sunayen ƙwaƙwalen ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga ya murɗa makulli, injin ya kama.

Ya zauna yana kallon ɗan akwatin a tafinsa. Ya ja ƙofar ya rufe, ya ɗan buɗe, ya saurara. Shiru.

Inna ta shiga ta ɗaya gefen, ta daidaita kwandon a cinya, ta ɗaura bel. Ba ta dube shi ba.

"To, Yallaɓai," ta ce, "ja mu tafi."