Inda Ƙwallon Take Faɗawa

Alhaji Abdurra'uf ya yi shekara goma sha ɗaya yana sakataren ƙaramar hukuma, kuma ko da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Gaya, sunan bai sake shi ba. Sakatare a masallaci, Sakatare a wurin jana'iza. Abu biyu ya fito da su daga aikin gwamnati: hawan jini da wasan golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, ko da yake ba a taɓa shuka ko albasa a cikinsa ba. A Jos ya koyo shi, shekarar da aka tura shi kwas na wata shida a kan tsarin mulki. Ya dawo da jakar sanduna. Tsarin mulkin kuwa can ya baro shi.

Gaya ba ta da filin golf, don haka ya yi nasa. Gonarsu ta gado a Gafasa, cikin ƙasar Ajingi, rairayi ce, tudu da kwari, ga tumfafiya da sabara. Da an kwashe karan gero sai ya sa a haƙa ramuka tara, a binne gwangwanin madara a kowanne, a kafa kara da jan tsumma. Abokin tafiyarsa kullum Datti ne, tsohon direbansa, wanda shi ma furfura ta gama da shi. Datti ke ɗaukar jaka, shi ke yin gaba ya tsaya a kan tudu don ya ga inda ƙwallon za ta faɗa. Shekara goma sha tara suna haka, kuma a gonar nan Sakatare bai cika wuce bugu arba'in ba a ramuka tara, a wasan da mai ƙarancin bugu ke yin nasara. Duk Ajingi an san gwani ne, musamman da yake ba wanda ya san yadda ake wasan.

Burinsa ɗaya ne. A ƙasar Sikotland akwai wani tsohon fili a bakin teku, wanda ya girmi Najeriya da shekaru masu yawa, da masaukin baƙi a gefensa. Tun a Jos ya ga hotonsa a kalanda: babu bishiya, sai tuddan rairayi da doguwar ciyawa da iska ta kwantar. Yakan ce Gafasa ce aka ƙara wa teku. A bana 'yarsa Juwairiyya, wadda ke aikin jinya a can, ta samo masa rana guda a watan Agusta. A banan ne kuma likitan ido ya gaya masa cewa yana da hawan jinin ido, ganinsa yana tsukewa daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan bai buga filin nan a wannan Agustan ba, ba zai taɓa buga shi ba.

Sharaɗin masu filin ɗaya ne: a aiko da takardar shaidar cewa mutum ya iya wasan, ba ya wuce bugu ɗari a ramuka goma sha takwas. Sakatare ya yi dariya. Shi da ya sa hannu a takardun shaida sun fi dubu ashirin? Ya sa dagaci ya rubuta wasiƙa, aka buga hatimi, liman da wani tsohon hedimasta suka tsaya shaidu cewa sun san shi mutumin kirki ne, kuma sun sha ganinsa yana dukan ƙwallo a gona.

Bayan kwana biyu Juwairiyya ta kira.

"Baba, sun ce ba su taɓa ganin wasiƙa mai kyau irin wannan ba."

"To, madalla."

"Sun ce za su sa ta a gilas su rataye. Amma dole ka buga sau uku a fili mai rajista, wani ɗan kulob ya ƙirga maka."

Haka suka hau hanyar Kano, shi da Datti. Kulob ɗin da suka je ya haɗa shi da wani ma'aikacin banki mai suna Sagiru, mai ladabi da fensir a kunne. A rami na farko Sakatare ya buga, Datti ya ruga gaba yadda ya saba, suka tarar da ƙwallon a tsakiyar fili. Sagiru ya kalli ƙwallon, ya kalli wata darbejiya can hagu inda ya ga ta nufa. A rami na biyu ya bi Datti a baya.

"Baba, me ka yar yanzu?"

"Ƙwallon maigida ce."

"Ta maigida tana cikin kwatar can. A gabana ta shiga."

Datti ya dube shi yadda ake duban yaron da bai samu tarbiyya ba.

"To, so kake Sakatare ya shiga kwata?"

Daga nan aka sa Datti ya riƙa tafiya a bayan maigidansa. Rana ta yi tsawo. Ƙwallo ta shiga ciyawa, ta shiga ramin rairayi, ta doki motar wani, sau ɗaya ma ta koma baya. Sagiru yana rubutawa yana cewa "Allah ya ba da sa'a a na gaba, Alhaji," kamar mai ta'aziyya. Da suka gama ya miƙa katin da hannu biyu. Bugu ɗari da arba'in da uku.

Sai da suka wuce gadar Wudil sannan Sakatare ya yi magana.

"Datti, tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe?"

"Kada ka raina min hankali. Tun yaushe kake ɗauke min ƙwallo?"

Datti ya gyara madubin da ba ya buƙatar gyara. "Ni ba ɗaukewa nake ba. Gyara mata zama nake. Tun ranar farko da ta shiga gonar Hanne mai ƙosai, na ga ranka ya ɓaci. Washegari ka hana mutum uku hutu a ofis. Sai na ce wannan abu da sauƙi."

"Nawa kake ɗauka a aljihu?"

"Uku. Da rani ya yi nisa, huɗu."

"Ranar da na jefa ta rami da bugu ɗaya fa? Har na yanka rago?"

Datti ya ƙura wa titi ido. "Ragon dai ya yi daɗi, ranka ya daɗe. Kowa ya sa albarka."

Sakatare ya so ya yi fushi, amma ya rasa ta inda zai fara. Ya tuna jawabansa da ake tafa wa, da rahotanninsa da ba a taɓa samun kuskure a ciki ba, da barkwancinsa da ke sa ofis duka dariya har ranar da ya miƙa makulli. Ya yi ƙoƙarin tuno mutum ɗaya da ya taɓa ce masa bai iya wani abu ba. Matarsa ce kawai, ita ma Allah ya yi mata rasuwa.

Saura wasa biyu a Kano, saura kwana tara a rufe karɓar takarda. Kafin ya sake kai kansa gaban fensirin Sagiru, ya yanke shawarar sanin gaskiya a gida. Ran Laraba da hantsi suka isa Gafasa. Ya sa Datti ya zazzage aljihunsa, ƙwallo uku suka faɗo da goro rabi. Ya nuna masa gindin gawo.

"Zauna nan. In ka tashi, ko ka buɗe baki, ka bar gidana."

Ya dasa ƙwallon a kan ɗan tsinke, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙarar ta yi daɗi a kunne. Ya ɗaga kai, abin da ya gani ɗan da'irar sama ne kamar bakin rijiya, fari fat, babu komai a ciki. Bai san ko dama ta yi ko hagu ba. Tunda a Kano hagu take yawan yi, ya nufi hagu, yana tona gindin sabara da sanda, yana sunkuyawa kan kowane farin abu. Ya tsinci kashin tunkiya, ya tsinci murfin jarka. Gumi ya jiƙa masa hula.

Yana cikin haka waya ta yi ƙara. Juwairiyya ce, tana kanti, tana tambayar girman rigar sanyin da za ta saya masa, domin iskar tekun ba ta san Agusta ba.

"Bar rigar nan, 'yar Baba. Ranar kuma ki ce su ba wani."

"Baba, me ya faru? Takardar ce? Ko babu ita ka zo mana. Da yamma suna barin mutane su zaga filin, ka gan shi."

"In gan shi da me?"

Ya ce ta gaida mijinta, ya kashe wayar.

A nan ne Datti ya kasa daurewa. Ya miƙe a gindin gawo yana ɗaga hannu biyu.

"Sakatare! Ka kore ni in ka so! Wallahi tallahi ba can take ba! Miƙe ta tafi, tana dab da tsumma, taku biyu! Na rantse da Alƙur'ani ban taɓa ta ba!"

Kuma gaskiya ya faɗa. A shekara goma sha tara ba a taɓa buga ƙwallo mai kyau irin wannan a gonar ba. Tana can kwance kusa da gwangwanin madara, rana tana haska ta.

Sakatare bai ko waiwaya ba.

"Na ji, Datti. Allah ya saka da alheri. Zauna."

Ya ci gaba da yin hagu, yana tona ciyawa da kan sanda, har ya ƙetare iyakar gonar ya shiga ta maƙwabta.