Maƙwabtan Ƙarƙashin Ƙasa

Shekarar da aka fara rushe tsohuwar unguwar da ke gindin ganuwar birnin Nevşehir, Dursun aka ba katafila. A unguwar aka haife shi, amma abin bai dame shi ba. Gari ya riga ya gangara fili, kowa ya koma bene mai ruwan zafi, an bar wa karnuka da tattabaru gidajen dutsen.

Mutum ɗaya ke zuwa kallo, wato Gulizar, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa. Kullum takan hau bas daga gidan ɗanta, ta zauna kan dakali tana ɓare 'ya'yan kabewa. Ranar da layi ya zo kan gidanta ta tare shi, ta roƙe shi kada ya tura ɓaraguzai cikin ɗakin ajiyarta na ƙasa, wanda aka sassaƙa cikin dutse. Ta ce akwai 'yar kafa a bangon, tun tana amarya surukarta ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta toshe ta.

"Inna, dankalinki ne ke numfashi ta nan?" in ji Dursun.

"Kai dama tun kana yaro bakinka ya fi kanka girma," ta ce, ta koma mazauninta.

Bayan azahar ƙasa ta burma a gefen katafilar. Ya kashe inji ya sauko, ya tarar da rami yana huro iska mai sanyi. Abokan aikinsa sun tafi shan shayi, sai ya kunna fitilar wayarsa ya shiga ramin.

Hanya ce doguwa, rufinta baƙi ƙirin da hayaƙi, ga ɗakuna hagu da dama. Ya yi ta tafiya a sunkuye har ya lura da wasu ƙananan kafofi jere a bango, haske na ratsowa ta cikinsu. Ya sa ido a ɗaya, sai ga tulunan Gulizar. Da ya leƙa ta gaba ya gane shuɗin fentin gidansu, wanda ya yaye wa rufi jiya. Ɗakin da yake kwana ne lokacin zafi yana ƙarami, kansa daf da wannan bangon.

Dutsen da ke saman kafar ya lotsa ya yi sumul, daidai inda goshi zai jingina. Ko'ina ƙura ce, ban da nan. Ya ɗora nasa goshin, ya ji wurin da ɗumi, alhali sauran bangon kamar ƙanƙara yake.

Da rarrafe ya fito, gwiwoyinsa duk a kurje. Gulizar na tsaye a bakin ramin.

"Ka yi musu sallama, ɗana?"

Ya girgiza kai. Ta kaɗe masa ƙurar kafaɗa, ta ce ya kwantar da hankalinsa, maƙwabtan nan na ƙarƙashin ƙasa ba su taɓa cutar da kowa ba, kallo kawai suke yi. Ita abin da ke damunta, yanzu da unguwa ta tashi, ba ta san wa za su kalla ba.

Aka dakatar da rusau, masana suka zo, aka kewaye wurin da waya. Suka ce garin ƙasan ya girmi na sama nesa ba kusa ba. An nemi Dursun ya ci gaba da kwashe ƙasa a wurin, ya ƙi, ya koma aikin titi a bayan gari. Yanzu baƙi na shiga ramin a jere suna ɗaukar hoto. Matarsa kuwa ta gaji da tambayarsa dalilin da ya janyo gadonsu tsakiyar ɗaki nesa da bango, ta haƙura tana zagayawa.