Rabon Tsuntsu

Ranar da Injiniya Renata ta zagaye gindin kanyar nan da jan fenti, Madam Byun ta ji kamar a wuyanta aka zarga igiya.

Shekara talatin ita da mijinta suna wankin kwat da rigunan amare a wannan ɗan gari na jihar Jojiya ta Amurka, wankin da ba a sa ruwa, sai wani magani mai kaifin wari. In an tashi aiki, marigayi Mista Byun kan buɗe ƙofar baya ya sheƙar da ragowar maganin a ƙasa. Kowa haka yake yi a zamanin. Har yaba abin yake, wai yana kashe masa ciyawa. Ashe maganin nutsewa yake, ya tarar da ruwan ƙasa, ruwan kuma ya kai shi rijiyar maƙwabciyarsu, Mis Odessa.

"Dole a tone nan, Madam," in ji Renata. "Mu kwashe ƙasar, mu ɗura abin da zai cinye maganin da ke can ƙasa, mu cike da sabuwa. In ba haka ba, rijiyar nan ba ta sake shayuwa."

"Bishiyar fa?"

"A tsakiyar ramin take."

Kanyar ƙasarsu ce ta Koriya, mai 'ya'ya manya kamar tumatir. Mijin ne ya dasa ta shekarar da suka buɗe shago, ita ce kuma kaɗai abinsa mai rai da ya bar mata. Duk kaka in ya hau tsinka, sai ya bar 'yan kaɗan a ƙololuwa, ya ce rabon tsuntsu ne, haka ake yi a ƙauyensu. Odessa kuwa ta dafa shinge tana tsiya: "Mista Byun, ka dai ce tsani ya gaza!"

To amma tun da aka gwada rijiyar, Odessa ta ɗauke ƙafa daga shingen. Duk mako mota na sauke mata ruwan gora, Madam Byun na leƙe ta labule, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wa ya isa ya riƙe bishiya, maƙwabci na sayen ruwan sha? Ta ce da Renata, "Ku sare."

A ƙarshen sanyi aka kayar da ita, ko ganye ɗaya babu a jikinta. Madam Byun na tsaye tana haɗiyar kuka, sai ga Odessa da almakashin lambu. Ko kallonta ba ta yi ba, balle gaisuwa. Ta datsi 'yan rassa, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, ta juya. Madam Byun ta ce a ranta, ko bulalar dukana ce, ai da gaskiyarta.

Aiki fa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An yi rami, an cike, an kafa bututu, ana ɗibar ruwa ana gwadawa. Sai a kaka ta huɗu Renata ta zo da fara'a ta ce rijiya ta wanku.

Washegari Madam Byun ta ji muryar Odessa daga shinge. "Ke Byun! Kurma kika zama? Sa takalminki ki biyo ni."

Ta bi ta har ƙarshen gidan Odessa, can kan tudu, inda wata kanyar jeji take, irin mai ƙananan 'ya'ya. Ta ɗaga kai. Rassan sun sunkuyo da manyan 'ya'ya, jajaye, irin na kanyar mijinta sak.

"Aure na ɗaura musu," in ji Odessa, "reshen taku a gindin tawa. Kada ki zaro mini ido, na sa Renata ta gwada ƙasar nan, lafiyarta lau."

"'Yar'uwa, ni na ɗauka kin tsane mu."

"Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Akwai lokacin da ko sunanki ba na son ji. Amma bawan Allahn nan da rashin sani ya zuba, ba da mugunta ba. Ita kuma bishiya me ta yi mini? Riƙe mini tsani, kin tsaya kamar gunki."

Ta riƙe. Odessa ta hau, da ciwon gwiwarta da komai, tana tsinkowa tana miƙo mata har kwando ya cika. Sannan ta sauko tana nishi, ta kama naɗe tsanin.

"Saura can sama," in ji Madam Byun, tana nuna ƙololuwa.

Odessa ba ta ko ɗaga kai ba. "Tsani ya gaza."

Nan kukan da Madam Byun ta haɗiye tun ranar sara ya ƙwace. Ta kama hannun matar nan da hannu biyu, ta sunkuya har ƙasa irin gaisuwar ƙasarsu, tana ta cewa na gode, na gode.

"Kai, tashi don Allah," in ji Odessa. "Mu je ciki na ba ki ruwa. Na rijiya ne."