Direba Ya Je Koyon Faɗuwa

"To, na yarda," in ji Auta, ta saki hannun jakar. "Amma da sharaɗi."

Direba ya zaro rigarsa ta ƙarshe daga cikin jakar, ya mayar da ita kan ƙusar bayan ƙofa. Tun da hantsi suke wannan aiki, 'yar tana ninke kayansa tana cusawa, uban yana zarowa yana ratayewa.

"Faɗi sharaɗinki. Na yi ciniki da 'yan sandan hanya tun ba a haife ki ba, ba ki kai su taurin kai ba."

"Likita ya ce ƙafafunka sun saki. In za ka ci gaba da zama a gidan nan kai kaɗai, sai ka shiga motsa jiki. Ba na fatar baki ba, Baba. Wurin da ke da mai koyarwa, wanda zan iya bugawa waya in ji ko ka je. In ka ƙi, ko ka fara ka watsar, ɗakinka yana can gidanmu, an riga an yi masa fenti."

"Ni zan zaɓi irin wanda nake so?"

"Kai za ka zaɓa."

"Kawo hannu."

Suka tafa, kowa na ganin shi ya yi wayo.

Abin da ya jawo maganar, watan jiya ne santsi ya kwashe shi a banɗaki. Bai karye ba, bai ma goce ba. Tashi ne kawai ya gagara. Yana nan kwance a kan jiƙaƙƙen tayil, sabulu na bushewa a jikinsa, yana kallon ƙasan wurin wanke hannu tun safe har rana ta take, sannan maƙwabci ya jiyo kiransa ya ɓalle ƙofa. Ga mutane yana ba da labarin da raha. Amma tun ranar a zaune yake wanka, ƙofa a buɗe, kuma bai gaya wa kowa ba.

Gidan kuwa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ba abin a zo a gani ba. Sai dai keken ɗinkin marigayiya matarsa yana nan gindin taga inda ta bar shi, da zare a jikin allura. Ya san inda kowane makunnin fitila yake ko da ido rufe. A gidan surukinsa kuwa, ko tari zai yi sai ya duba fuskar mutane.

Suka shiga mota zuwa wurin wasannin motsa jiki, Auta ta ɗauka a hanya za su sasanta sauran. "Akwai keke na tsaye, Baba, ka hau ka yi ta murzawa. Akwai injin tafiya."

"Keken da ba ya zuwa ko'ina? Ni da na cinye tayoyin babbar mota sun fi gashin kanki, in ƙare a kan abin da ba ya isa gari? Karate zan shiga."

Saura kaɗan ta daki motar gabanta. "Karate!"

"Kin ce ni zan zaɓa. Kula da hanya, kin cika taka birki a makare."

Da ta tsaya a ƙofar wurin wasannin sai ya baza ido yana kallo. An shafa wa ginin shuɗin fenti, an liƙa hotunan samari masu damatsa, amma ga 'yar tagar nan mai ƙarfuna a gefen ƙofa, ga matakalan nan masu faɗi. Tsohon gidan sinima ne. Ya daɗe da jin an rufe shi, bai san abin da aka mai da shi ba.

Wani tsoho mai kakin gadi ya taso daga kan benci, ya kare ido da tafin hannu, ya ƙura masa ido.

"Kai! Wa nake gani kamar Sarkin Tsalle?"

"Mai Tikiti! Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina zan mutu in bar ka, wa zai faɗa wa duniya asirinka? Wannan tumbin fa, kai kaɗai ne a ciki ko da fasinja?"

Suka rungume juna suna dukan baya. Mutumin nan shi ke sayar da tikiti a tagar can tun suna samari. Da aka sayar da ginin, sababbin masu shi suka same shi a ƙofa kamar wani ɓangare na bango, suka bar shi da gadi.

Auta ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, wane ne Sarkin Tsalle?"

"Ba kowa."

"Au, bai gaya miki ba?" Mai Tikiti ya gyara tsayuwa. "'Yata, uban nan naki, duk ranar da aka sa fim ɗin karate, in an tashi ba ya saukowa matakalan nan da ƙafa. Tsalle yake dakawa daga sama, yana ihu, yana harbin iska. Siriri ne kamar sandar rake, ga gashi buzu-buzu. Wata rana ya hango wata yarinya ta fito ita da yayanta, ya ce yau sai ya nuna bajinta. Ya tashi sama, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Sai muka ji ɓarrr! Wando ya rabu gida biyu."

"Ƙarya yake yi, ɗinkin ne ba ƙwari."

"Kowa ya bushe da dariya. Ita ma ta yi, har da riƙe ciki. Amma da ta gama, sai ta cire ɗankwalin da ta yafa a kafaɗa ta miƙa masa ya ɗaura. Washegari ya je mayarwa, ta ce ya kawo wandon ta ɗinke masa. Kin ga uwarki ke nan, Allah ya jiƙanta."

Auta ta dubi ubanta kamar yau ta fara ganinsa. Shi kuwa matakalan yake kallo.

Ciki ya sauya. An kwashe kujeru, an daidaita gangaren ƙasa, warin gyaɗa da hayaƙin sigari ya koma warin roba da gumi. Direba ya ɗaga ido wajen bangon da majigi ke haskawa a da, inda jarumai ke tashi sama su daki mutum goma kafin su sauko. An manna madubi tun daga wannan kusurwa har waccan. A cikinsa ya ga wani dattijo mai tumbi da furfura, yana tafe yana ware ƙafafu kamar mai tsallaka rafi.

Malamin karate saurayi ne mai ladabi. Ya saurari bayanin Auta, ya ce ba komai, shekaru ba sa hana koyo. "Baba, cire takalmi. Ɗan ɗaga ƙafar dama mu gani, a hankali."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Matsa baya kar in same ka."

A ransa ƙafar ta kai kunnen saurayin. A madubi kuwa ko gwiwa ba ta wuce ba. Ta hagun ta yi rawa, ɗakin ya karkata, ƙasa ta taso masa. Auta ta cafke hannunsa. Bai faɗi ba, amma zuciyarsa ta riƙa bugu kamar injin da ruwa ya ƙare masa, yana jin sanyin tayil a gadon bayansa.

"Ƙasan nan da santsi," ya ce.

"Haka ne, Baba," in ji saurayin, ya sunkuyar da kai. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Suka leƙa wajen 'yan dambe. Aka sa masa safar hannu, ya kai wa buhu naushi da iyakar ƙarfinsa. Buhun ya tafi, ya dawo kamar ragon da aka tsokana, ya tunkuɗe shi baya. Kafin a kwance masa safar numfashinsa ya gaya masa gaskiya. Jiki magayi.

Ya samu benci can baya ya zauna, daidai inda kujerun masu araha suke a da. Nan suka riƙa zama shi da marigayiya bayan aure, tana rufe ido in an zo wajen faɗa, tana tambayarsa ko an gama. Auta ta durƙusa gabansa tana sa masa takalmi.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Mu tafi gida. Jikokinka za su yi murna."

Ya san gidan da take nufi. Ya miƙa mata ɗaya ƙafar.

Sai ya ji tim! daga sama. Can kuma tim! tim! kamar ana sauke buhuna daga mota.

"Me ake yi a bene?"

Mai Tikiti, wanda ya bar ƙofa ya biyo su, ya ce, "'Yan judo ne. Mahaukata. Tun safe ba abin da suke sai faɗuwa."

A zamanin sinima benen na masu hali ne, Direba bai taɓa hawa ba. Ya kama ƙarfen matakala ya hau, yana hutawa a hanya, Auta a bayansa da hannuwa a buɗe.

An shimfiɗa katifu masu tauri bango zuwa bango. Mutane cikin fararen kaya, har da masu furfura, suna jefa kansu ƙasa suna miƙewa kamar abin wasa. Malaminsu gajere ne kakkaura, sa'an Direba ko ƙaninsa kaɗan. Ya dubi yadda baƙon ya riƙe bango, ya dubi 'yar, bai tambayi komai ba.

"Malam, nan wa ake koya wa mutum ya kayar?" in ji Direba.

"Ba kowa tukuna. In ka shigo, wata da watanni faɗuwa kawai za ka koya."

"Faɗuwa? Wannan ai na iya. Ban nemi malami ba na ƙware."

"Da ka faɗi, ka tashi?"

Direba ya dubi katifar.

"Zo ka zauna a nan. Zama kawai."

Zaman ma sai da dabara, amma ya kai ƙasa. Malamin ya tsuguna kusa da shi. "Manna haɓarka a ƙirji, kai shi ne abin tsaro. Lanƙwasa bayanka kamar taya. In ka tafi baya, kar ka tokare da hannu, nan ake karyewa. Daki katifar da tafukanka, ita ta sha wahalar. Bismillah."

Direba ya rufe ido ya tafi. Tim!

Ya buɗe ido. Ga rufin nan na da, da ƙugiyoyin da fankoki ke rataye. Yana kwance rigingine, kuma tsoron nan ya zo ya zauna masa a ƙirji, har yana jin ƙanshin sabulu. Ya yunƙura zai tashi kai tsaye kamar yadda ya yi ta yi ran nan. Tumbin ya mayar da shi.

Auta ta zabura. Malamin ya ɗaga mata hannu. "Ki bar shi."

"Ba zai iya ba, Malam, ba ka san..."

"In yana gida shi kaɗai, kina nan?" Ya juya ga Direba, murya ƙasa-ƙasa. "Ba a tashi ta gaba. In mota ta kafe a laka, ana ta taka mai ne?"

"A'a," in ji Direba daga kwance. "Baya ake ja, a karya kan motar."

"To, karya kan. Mirgina gefe. Dafa tafuka. Jawo gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Yanzu kafa ƙafa guda a gaba, dafa cinyarka, tura."

Abin ya ɗauki lokaci. Ya yi nishi, gumi ya ɗiga a katifa, gwiwar ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. 'Yan ajin duk sun tsaya. Sannan ya miƙe tsaye, ba hannun kowa a jikinsa.

Ba wanda ya tafa. Mai Tikiti ne kawai daga bakin matakala ya ce, "Sarkin Tsalle, yau kam faɗuwa ta zo daidai da zama!"

Direba bai kula shi ba. Ya dubi katifar, ya dubi malamin. "In sake?"

"Sai ka gaji."

Ya sake zama, ya sake tafiya baya. Wannan karon da ya ga rufin, rufi ne kawai.

Auta ta juya musu baya tana laluben wani abu a jakarta, ta daɗe ba ta same shi ba. Da ta juyo idanunta sun yi ja. Ta ce wa malamin, "Ba ni lambar wayarka. Kuma duk ranar da bai zo ba, ka kira ni."

"Kuna da farar rigar nan da za ta rufe wannan?" in ji Direba, yana shafa tumbinsa.

"Za a nemo," in ji malamin.

To, in ana lissafin wa ya ci riba a cinikin nan, Direba ya koma gidansa ya kwana a gadonsa. Surukinsa ya samu ɗaki mai sabon fenti bai roƙa ba. Mai Tikiti ya samu wanda zai riƙa tsokana. Auta ce za a ce ta faɗi, tun da ta koma da jaka ba kowa a ciki, sai dai daga ranar ta daina firgita in wayarta ta yi ƙara da safe. Wanda ya yi asara ta gaske shi ne siririn saurayin nan mai gashi buzu-buzu da ke dira daga saman matakala. Shekara da shekaru Direba yana ɗauke da shi, yana cewa wata rana zai sake shi ya tashi sama. A ranar ya sauke shi a ƙofar sinima, ya sauko matakalan ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da ƙarfe.