Saura Yatsa Biyu

Zinovia ta zagaya zaren ulu a jikin bishiyar walnat ɗin, ta matse shi da farce, ta duba ƙullin da ta yi. Saura yatsa biyu. A bazarar bara huɗu ne.

Tsawon zaren daidai kaurin wuyan mijinta Simion ne, ta auna shi ranar da barci ya kwashe shi a kan benci. Kowa a ƙauyen ya san maganar: wanda ya dasa walnat, ranar da gindinta ya kai kaurin wuyansa, ranar za a kira masu haƙa kabari. Matasa dariya suke yi. Zinovia ma takan taya su, sannan ta dawo gida ta ɗauko zarenta.

Laifin 'yarsu Doina ne, wadda ta karanta aikin gona a birni. Shekara bakwai da suka wuce, lokacin Zinovia tana Italiya tana jinyar tsohuwar wasu, Doina ta zo da wani gari a leda aka barbaɗa a ramin dashen. Wai wasu mitsi-mitsin halittu ne masu rai, suna manne wa saiwa suna jawo mata ruwa da abinci. Sun kuwa yi aikinsu, 'yan banza. Bishiyar maƙwabta har yau kamar sandar tsintsiya take, tasu kuwa sai ƙiba take yi.

Zinovia ta kasa zama. Ta ɗora tukunya ta sauke, ta ɗaura kallabi, ta tari ƙaramar bas zuwa kasuwar Orhei.

"Inna Zinovia, feshin inabi a wannan watan?" in ji Petrea mai shagon maganin gona, da ya ga tana nuna shuɗin garin feshi. "Ko Simion za ki zuba wa a miya?"

"Rufe min baki. Shuɗin garin nan, in an kwarara shi a ƙasa, yana kashe abin da ke cikinta?"

"Har kakanninsu. Me ya tsone miki ido a ƙasa?"

"Auno min kilo ɗaya, ba hira na zo ba."

Da ta dawo ta tarar Simion yana gyaran shinge. Ta lallaɓa ta bayansa, ta dama garin a bokiti har ruwan ya yi shuɗi shar, ta kinkima zuwa gindin bishiyar. Tsoro take ji, tsoron tashi da safe ta dafa tuwon masara na mutum ɗaya.

"Tsohuwa, me za ki yi da wannan?"

Ashe ya biyo ta. Ta ajiye bokitin.

"Bayin Doina na cikin ƙasar nan zan kashe. Su daina ɗura mata abinci, ta dakata haka nan."

"Bishiyar da ta fara 'ya'ya bana? Kin haukace?"

"Saura yatsa biyu ta kamo wuyanka, tsohon banza! Kai ko a jikinka. Ni za ka bari da kaji da wannan rufin mai yoyo?"

Simion ya shafa wuyansa, ya dube ta, ya dubi bishiyar.

"To ai ba ni na dasa ba."

"Ƙarya kake."

"Bayana ne ya riƙe a makon, ko takalmi ba na iya ɗaurawa. Na ɓoye miki ne don kada ki baro aikinki. Doina ce ta haƙa, ta sa, ta rufe. Ni kujera na samu ina ba da umarni."

Sai Zinovia ta tuna da 'yarta. Wuyan Doina siriri ne kamar na uwarta. Gindin nan ya wuce shi tun shekara biyu baya, ko uku.

Ta zaro waya daga aljihun riga, ta kira Doina. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Simion ya daina murmushi.

"Mama?" Muryar ta fito da ƙyar, baki cike. "Ina cin abinci. Lafiya?"

"Me kike ci?"

"Kabeji da nama. Don wannan kika kira ni?"

"Ci abinki," in ji Zinovia. "Ki ƙara."

Ta kashe wayar, ta goge ido da bakin kallabi. Sannan ta nuna wa Simion bokitin da haɓa.

"Ɗauke shi daga nan kafin ya zube. Ka bi a hankali da bayan nan naka."