Baƙin Kak Sepiah

A ƙauyenmu in aka ambaci Kak Sepiah, wato Yaya Sepiah, kowa da abin da zai faɗa. Masu tatsar roba sun ce ƙunshin shinkafarta mai madarar kwakwa shi ke riƙe su daga asuba har azahar. Liman ya ce bai taɓa jin muryarta ta tsallake danga ba. Matan layinmu kuwa cikin dariya suke cewa ko ɓarawo ne ya hau matakalarta, sai ta tambaye shi ko ya karya. Ni maƙwabciyarta ce, shekara talatin tagar madafina na kallon tata. Abin da zan ƙara ɗaya ne: ba ta iya barin baƙo ya tafi hannu Rabbana.

Mijinta, Pak Leman, ya rasu ana tsakiyar girbin shinkafa. A bakin kabari ƙaninsa Mat Zin ya karɓi lasifika, ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi ya zo wurin iyalinsa, kada a bar shi da nauyi. Wani ya ɗauka a waya, ya watsa.

Kwana tara bayan nan sai ga mutum biyu a kan babur ɗaya, riguna a goge. Babban ya ce sunansa Razlan. Ya yi ta'aziyya mai kyau, har da aya. Kak Sepiah ta shimfiɗa musu tabarma a baranda, ta kawo shayi da soyayyar ayaba.

"Mak Cik, ba tayar miki da hankali muka zo yi ba," in ji Razlan, yana kiranta inna da yarenmu. "Akwai wani tsohon rance da sunan marigayi. Kamfaninmu ne ya saye shi daga banki. Da kuɗin ruwa ya kai ringgit dubu talatin da takwas."

"To, ku ci tukuna, tana hucewa."

Suka ci. Suka dawo Laraba, suka dawo Asabar. A zuwa na huɗu ta riga ta san ƙaramin ba ya son yaji, kuma matar Razlan na da ciki wata bakwai.

* * *

Kullum da sassafe nakan je in taya ta naɗe shinkafa a ganyen ayaba. Ba mu cika magana ba, kuma ni hakan ya fi min. Ta auna, in naɗe, kaji na tono a ƙarƙashin gida. Ko a cikin takaba fuskarta a sake take. Tana da gidanta, da bishiyoyin kwakwa shida, da kuɗin Hajji da ta yi shekara goma sha ɗaya tana tarawa, sunanta kuma ya kusa fitowa a jerin masu jiran kujera.

"Milah," ta ce da ni ran nan, "yaran nan sun ce ba sai na biya duka yanzu ba. Hamsin kawai, alamar niyya, in dangwala a takarda."

"Hamsin kawai?"

"Sau nawa suka ƙona mai suka zo? Kunya nake ji."

Na ci gaba da naɗi. Ni sai da na haura hamsin na shiga ajin manya da ake yi a masallacin unguwa. Malamarmu tsohuwar akawun kotu ce, kuma da yake littattafai ba su isa ba, tsofaffin wasiƙu take kawo mana mu koyi karatu da su. Akwai abin da ta maimaita mana har muka haddace: bashi irin na banki in ya shekara shida ba a kai ƙara ba, ba a biya komai ba, kotu ba ta sauraronsa. Amma ranar da ka ba da ko sisi, ko ka sa hannu ka amsa, ka tashe shi daga barci.

Na faɗa wa Kak Sepiah haka. Ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Kotu ta manta, na ji. Kabari fa, Milah? Shi ma shekara shida yake ƙirgawa?"

Na ce dai kafin ta dangwala ta bari in karanta.

* * *

Ranar sadakar arba'in suka zo da takardar, tun da hantsi, ana yanka albasa. Mat Zin na tsakar gida yana jera kujeru, yana yi wa masu kafa rumfa tsawa. Da ya hango babur ɗin sai ya sunkuya, ya hau gyaran ƙafar kujerar da ba abin da ya same ta.

"Ga surukaina sun iso," in ji Kak Sepiah. "Razlan, yau akwai naman kaza, kada ka ce min ka ƙoshi."

"Mak Cik, ke za ki sa rigunana su yi min kaɗan." Ya buɗe jaka, ya fito da takarda da tawada. "Nan kawai, babban yatsa. Mu ma mu huta, marigayi ma ya huta."

Hamsin ɗin na ƙulle a bakin mayafinta. Na miƙa hannu.

"Kawo in gani, ɗana."

"Mak Cik Milah, rubutun ƙanana ne, zai wahalar da ke."

"Ina da tabarau. Ina da lokaci kuma."

Ni ban iya karatu a zuci ba, sai a fili, gaɓa-gaɓa, yatsana na bin layi. Haka na fara. Masu yankan albasa suka dakata. Na karanta cewa mai dangwalawa ta amsa bashin duka a wuyanta, kuma ta yarda a cire daga duk ajiyar da take da ita. Na karanta ranar da aka yi biyan ƙarshe, na ƙirga a yatsu: shekara goma sha huɗu. Sannan na juya shafi na biyu.

"Ran-cen mo-tar ɗau-kar ki-fi. Wanda ya tsaya wa mai rance: Sulaiman bin Awang. Wanda ya karɓa..." Sulaiman dai cikakken sunan Pak Leman ne. Na ɗaga kai, na sake mayarwa. "Mohamad Zin bin Awang."

Wata kaza ta bi ta tsakanin kujeru ta wuce.

"To ga mai motar can a tsaye," in ji wata daga cikin matan. "Me ya hana ku zuwa wurinsa?"

Ƙaramin ne ya amsa, kafin Razlan ya taka masa ƙafa. "Mun je ai. Cewa ya yi in mun isa mu kai shi kotu. Shi ya san zancen shekara shidan."

Razlan ya karɓi takardarsa, ya ninke ta a hankali. Bai yi fushi ba. Kak Sepiah ta shiga ciki ta fito da ƙunshi biyu, ta ƙara na uku ta ce na mai ciki ne. Ya karɓa da hannu biyu, idonsa a ƙasa. A bakin hanya na ga ya zaro wata doguwar takarda, ya ja layi a kan suna ɗaya, ya duba na ƙasa da shi. Babur ɗin ya juya wajen gadar, inda aka yi jana'izar wani mai kamun kifi makon jiya.

* * *

Aka yi addu'a, aka ci, aka watse. Da la'asar saura ni da ita a bakin rijiya muna wanke tukwane, kuɗin Hajjinta na nan inda yake. Mat Zin ya gama tara kujerun tun ɗazu, amma bai tafi ba. Ya zo ya tsaya, hularsa a hannu.

"Kak, ni ban zaci za su zo wurinki ba."

"Kai ka kira su, Zin. Da lasifika."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ci gaba da goge gindin tukunya da ɓawon kwakwa.

"Kin san da maganar motar?" in ji shi.

"Tun ranar da marigayi ya dawo da tawada a yatsa. Ya ce kada in taɓa ɗaga maka ita, kai ƙaninsa ne. Ban ɗaga ba." Ta ɗauraye tukunyar ta kife. "Akwai sauran kaza a ciki, ka tafi wa yara da ita."

Bai je ya ɗauka ba. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ruwan wanke-wanke na bi ta ƙarƙashin gwiwoyinsa.

"Bashina ne, Kak, ba nasa ba. Shekara goma sha huɗu ina gaishe shi a masallaci ban faɗa ba. Ki yafe min."