Baƙin Tukunya a Goshin Badi

Ni na fara ɗaukar Badi, tun ba a yanke masa cibiya ba. Wannan ko gwaggonsa Bi Zuhura ba ta isa ta musa ba, don ranar tana gidan biki a unguwar Kibokoni tana nuna wa mata sabbin awarwaronta. Uwarsa, ƙanwata Mishi, ba ta yi arba'in ba Allah Ya karɓi abarsa, aka bar ni da jariri kamar ɗan tsako. Ni na bi gida-gida a Mombasa ina roƙon masu jego su ba shi nono, ni na goya shi har zanina ya koɗe a baya. Mijina ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na ce to, ga rabona ya shigo ta wata ƙofar.

Uban yaron, Shee Bwanaheri, dillalin wani kamfanin Turawa ne da ke bakin tashar jiragen ruwa. Kamfanin nan babu inda bai tsoma hannu ba: shayi a akwatuna, inshorar kaya, riƙon dukiyar mamata, har da wani ruwan kwalba na ciwon cikin jarirai mai hoton ɗan Bature lukuti a jiki. Shee ya yarda da su fiye da danginsa. Badi na koyon rarrafe uban ya ɗauki shayi zuwa Lamu a jirgin katako, jirgin ya nitse da shi. Shayi dai an biya inshorarsa tsaf, Shee kuwa ko gawarsa ba mu gani ba. Bayan an share makoki aka karanta wasiyya: kamfani zai riƙe gida da shago har Badi ya girma, kuma kamfani ne zai zaɓi hannun da yaron zai tashi.

Da gaban alƙali aka je, ba za a yi dogon zance ba, dangin uwa ke gaba wajen reno. Amma Shee ya miƙa mu ga Bwana Kiko, Baturen da ke shugabantar kamfanin, wanda muka sa wa sunan saboda lofen da ba ya barin bakinsa, don kiko shi ne lofe a yarenmu. Ya iya yarenmu, ba laifi, amma irin na littafi.

Nan take Bi Zuhura, yayar Shee, ta tuna tana da ɗan ƙane. Matar mai shagon yadi ce, gidanta bene, ƴaƴanta duk sun yi aure. Ni dai na rantse ba yaron take so ba, so take a ce ɗan Shee na gidanta. Bwana Kiko ya ce ba zai zalunci kowa ba, zai ga yaron a kowane gida da idonsa.

Aka fara da nata. Ni na kai shi da safe, ina tsaye ta goge masa kwallin da na sa, ta kwance layar damtsensa ta jefa kan taga, ta zura masa farar riga mai leshi. Ta ɗura masa ruwan kwalbar nan har ya yi laushi, sannan ta ajiye kwalbar a tsakiyar tebur inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Da Baturen ya zo ta kawo masa shayin kamfaninsa a kofin tangaran, babu citta babu komai, ruwan zafi mai launi kawai.

"Ka gan shi nan, Bwana," in ji ta. "Ba ya kuka. Dubi kumatu, dubi cinya."

Kumatun da ni na gina da kunun shinkafa da madarar kwakwa! Kuma a gaban baƙo take lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ko tubarkalla babu. Na juya na yi tofi a ɓoye.

Ranar tawa na yi shara, na turara ɗaki, na dafa shayi irin na mutane, da citta da kanumfari. Badi kuwa na sa masa tsohuwar riga, na mayar masa da kwalli, na lakato baƙin tukunya na shafa masa a goshi da bayan kunne. Me zan yi in ba haka ba? Ga baƙo mai ido irin na mage zai shigo, ga Zuhura ta ce ita ma za ta zo. Kowace uwa a unguwarmu abin da za ta yi ke nan.

Badi na ganin lofe ya hau dariya, yana miƙa hannu. Bwana Kiko ya durƙusa, ya ƙura masa idon nan nasa.

"Kai, wannan yaro kyakkyawa ne! Ga ƙiba, ga wayo. Ban taɓa ganin mai lafiya irinsa a garin nan ba."

Na jira ya ce tubarkalla, bai ce ba. Na fizge yaron na rufe shi da gefen zanina.

"Ina kyau a nan, Bwana? Mummuna ne. Dubi kai kamar kwakwa. Ba ya ci, ba ya barci, yau ciwo gobe ciwo."

"Ciwo?" ya ce. "Kina ba shi maganinmu?"

"Wane magani? A bar shi haka nan. Wahala ce tsagwaronta, ko kyauta aka ba mutum ba zai karɓa ba."

Ya cire lofen daga bakinsa. Ya dubi tsohuwar rigar, ya dubi baƙin da ke goshin, ya dube ni. Sai a lokacin na gane yadda maganar ta shiga kunnensa. Na waiwaya wajen Zuhura. Ta san abin da nake yi sarai, da haka uwarta ta rene ta. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta kurɓi shayina a hankali, ta ajiye kofi.

"Kin gaji ne, Mwanakombo," ta ce da murya mai taushi. "Kin yi ƙoƙari. Allah Ya saka miki."

Mako bai zagayo ba aka zo aka ɗauke shi. Na je har ofishin, na tsaya tsakanin akwatunan shayi ina bayanin kambun baka ga mutumin da bai san baki na kama yaro ba. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce da bakina na faɗa, shi kuma amanar mamaci ce a wuyansa. Har ya sa aka ba ni gwangwanin shayi in tafi da shi. Yana nan kan kanta har yau, ban buɗe ba.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. In na wuce ƙarƙashin benenta na ga ƴan rigunansa a kan igiya, sai abinci ya fita raina ranar. Ta aiko in riƙa zuwa ranar Juma'a, na ce a gaya mata ni ba baƙuwar Badi ba ce. Abu ɗaya ya riƙe ni: na san za ta gaji. Mai son ado ba ta jure zawon haƙori da kukan dare. Wata rana za ta turo shi da ƴar aiki, a ce in taimaka, ni kuwa in ja aji kaɗan kafin in karɓa. Har tabarmarsa ban naɗe ba.

Bayan ƙaramar salla na gan su a kasuwa, wajen masu kifi. Yana kan kafaɗarta, ya yi tsawo, haƙora sun fito. Ita kuwa ta faɗa, babu awarwaro ko ɗaya a hannunta. Na laɓe bayan mai lemo ina kallo. Sai mai kifin ta ɗaga murya:

"Bi Zuhura, wannan kyakkyawan na wane ne?"

Zuhura ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ja lulluɓinta ta rufe shi.

"Wannan? Mummunan banza ne, ba ya ci, ba ya barci. Auna mini kifina in tafi."

Muryarta rawa take. Na san rawar nan, tawa ce. Da ta juyo muka yi ido huɗu, lulluɓin ya zame, na ga baƙin tukunya a goshinsa, an shafa shi da yawa, a karkace. A damtsensa ga layar da ta jefa kan taga. Da na same shi fes cikin farar riga, da na koma gida da sauran sa rai.

Na matso kusa, na ce, "Ba goshi kaɗai ake sa wa ba. Har bayan kunne."

"Na sa," ta ce.

Ta juya kansa a hankali ta nuna mini. Na miƙa masa hannu, na kira shi da sunan da nake kiransa. Badi ya dube ni, ya dubi hannun, sannan ya cusa fuskarsa a wuyanta.